Motar da Na Farke da Almakashi

Shekarun baya, a lokacin nan da bakin kowa a Yawunde ba ya rabuwa da kalmar kiriz, wato matsin tattalin arziki, na sayi motata ta farko. Waɗanda suka ga zamanin ba sai an yi musu bayani ba. An zaftare albashin ma'aikata, aka dawo aka sake zaftarewa, sannan aka karya darajar kuɗinmu sefa, duk abin da ake shigowa da shi daga waje ya gagari talaka. Manyan da a da direba ke zuwa karɓar musu ɗinki suka koma zuwa da ƙafarsu. Mu telolin unguwar Brik ba mu ji jiki kamar su ba, don mutanenmu ko tuwo ya yi wuya sai sun ɗinka na Sallah da na biki. Da haka na tara ɗan abin da na tara.

Sai na faɗi halina tukuna, in ba haka ba labarin ba zai zauna ba. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, shi ya koya mini ɗinki. In ka miƙa masa riga ba ya duban gabanta, juya ta yake yi ya dubi ciki. In ya ga layi ɗaya ya karkace ba ya faɗa, reza kawai zai miƙo maka, ka koma ka zauna ka farke tun daga farko. Na gaji wannan hali har na fi shi. Faci kuwa ba na yi. Wanda ya kawo mini tsohuwar riga wai in toshe masa ɓula, shagon gaba nake nuna masa, kuma a lokacin gani nake wannan abin alfahari ne.

Mahaifiyata tana fama da gwiwoyi, ga jiki. Kusan shekara biyu ba ta wuce bakin lungunmu ba. Tana da yaya guda ɗaya da ta rage mata a duniya, muna ce mata Inna Babba, tana zaune a unguwar Nkomkana, can saman tudu inda kwalta ta ƙare, 'yan tasi ba sa son hawa. Ita ma ciwo ya kwantar da ita, irin ciwon nan na yau da sauƙi gobe babu, wanda har mutane su saba da shi su daina tsorata. Tsakanin gidajen biyu mai lafiya zai taka da ƙafa ya je ya dawo tsakanin azahar da la'asar, amma su biyun sun shekara biyu ba su ga juna ba. Ƙanwata ce ke kai-komo. Duk Juma'a ta ɗauki kwanon dambu ta kai, ta dawo da shi da goro da saƙon baki. Su biyun ba sa kiran sunana, saboda sunan mahaifinsu aka sa mini. Mahaifiyata ta ce Babana, yayarta ta ce Babanmu.

A hannun wani mahauci na unguwar Etoudi na sayi motar, 'yar ƙarama ce shuɗiya. Da yake miƙo mini makulli, abin da ya ce kawai shi ne tana tafiya, kada dai in cika bincike. Na ɗauka irin maganar masu sayarwa ce. Kuma gaskiya ta yi tafiya, tun daga Etoudi har bakin lungunmu ko tari ba ta yi ba. Ran nan Litinin ce. Layin teloli kaf suka fito, masu soya, wato tsire, suka bar wuta suka zo suna shafa ta. Aka riƙo mahaifiyata har bakin lungu, ta ɗora hannu a kan motar ta yi addu'a mai tsawo, sannan ta ce, "To Babana, Juma'a sai ka kai ni wurin Yaya." Na ce in sha Allahu. A ranar ƙanwata ta kai labari Nkomkana.

Ran Laraba na kai motar garejin wani abokina a unguwar Madagascar, don kawai a juye mata mai. Mutumin Garwa ne, Hausarsa ta kasuwa ce, ba ruwansa da mace ko namiji a magana. Ya ɗaga bonet, ya leƙa, sai ya fara dariya ƙasa-ƙasa. Ya ce in zo in ga tarihi.

Ya ce hannu uku motar ta bi kafin ni, kuma zai nuna mini kowanne. Na farko ma'aikacin ofis ne. Ya buɗe akwatin fis, babu fis ko ɗaya, sai ƙarafan nan da ake maƙale takardu da su, an lanƙwasa an cusa. Wayoyin fitila an tufke su da igiyar ɗaure fayil. Matatar iska ma da bangon fayil aka yanka ta, har da sauran rubutun wata ma'aikata a jiki. Na biyu ɗan tasi ne. Abokina ya kankare fenti da farce, sai ga ruwan ɗorawa irin na tasi a ƙarƙashin shuɗin. Shi wannan da robar tsohon tub yake aiki: tiyon ruwan lagireto a naɗe da roba, batir a ɗaure da roba, kujerar direba ma roba ce ta riƙe ta. Da ya ɗaga shimfiɗar ƙasa sai ga gwangwanayen sardin an buɗe su an daddale, an toshe ramin da ƙafar fasinja za ta iya zurmawa. Na uku kuwa mutumina ne mahauci. Salansar motar a rataye take da ƙugiyar rataye nama. Ƙarƙashin inji, inda ya kamata a ga roba mai kauri, ƙirgi ne aka ninka aka cusa, ya bushe ya yi tauri. Ƙofar baya ta dama kuma igiyar ɗaure ƙafar saniya ce ke riƙe da ita daga ciki, an ɓoye ƙullin a bayan kujera.

Sai ya zaro wata kwalba daga ƙarƙashin kujera ya shinshina, nan dariyarsa ta tsaya. Ruwan sabulu ne, shi ake ɗura wa birki a madadin mai. Ya ce wannan kam ba wasa ba ne a garin da ko'ina gangare ne.

"Birki kawai za mu taɓa," in ji shi. "Gobe azahar ka zo ka ɗauka motan ka. Sauran ka bari su, sun saba da juna."

Ni kuwa ban ma ji shi sosai ba. Kunya ce ta rufe ni, irin wadda za ka ji in ka juya babbar rigar da ka yi ado da ita ka tarar da allurai aka kama ta. Na tuna yadda aka taru ana shafa motar, na tuna hannun mahaifiyata a kai. Na ce a raina, ni ɗan mahaifina in ɗauki uwata a cikin gwangwanin kifi da ƙugiyar nama? Na yi ta zagin mutanen nan uku da ban san biyu daga cikinsu ba. Na ce marasa amana, na ce 'yan ha'inci. Abokina ya ɗaga kafaɗa ya ce, "On va faire comment?" Wato to ya za a yi. A shekarun nan wannan ce amsar kowace tambaya.

Ya bar ni a garejin ya tafi neman robobin birki da mai. Almakashina yana aljihu, don ba na rabuwa da shi. Na ce bari in rage masa aiki. Na fara da igiyar fayil, ƙyas, ta faɗi. Na bi robobin nan ɗaya bayan ɗaya ina datsewa. Na ɗauki filaya na zare ƙarafan takarda, na ɓamɓare gwangwanaye, na kwanta a ƙasa na cire ƙugiya, salansa ta sauko ta kwanta a gefena. Ƙirgin ne ya ba ni wuya, amma na ci ƙarfinsa. Igiyar ƙofa na bari ƙarshe. Na tara komai a kan wani kwali, tsibi guda, na tsaya ina kallo ina jin daɗin nan da nake ji in na gama farke mummunan ɗinki.

Da abokina ya dawo ya daɗe a tsaye da leda a hannu. Ya dubi tsibin, ya dubi ruwan lagireto da ke bin ƙasa, ya dube ni.

"Mon frère, ɗan'uwana," ya ce, "mota ba riga ba ne."

Gaskiya ya faɗa, kuma na gane ta nan take, ban dai yarda ba ne. Riga in ka farke ta, duk yankunanta na nan, sai ka sake haɗawa. Ita kuwa wannan, abin da na yanke ba rufi ba ne a kan wani abu, shi ne abin. Duk da haka ya ba ni mafita. Ya ce zai samo sabon tub ya yanka, ya mayar da komai yadda yake, kwana ɗaya ya ishe shi, Juma'a in ɗauki tsohuwa. Na ce a'a. Na ce tunda an riga an farke, sai a ɗinke da gaske, kowane abu a sa masa nasa na asali.

Na asalin ne babu. Tun da aka karya sefa masu shagon kayan mota suka daina sarowa, wanda ke da saura kuma ya ɓoye. Sai kas, wato inda ake farfasa matattun motoci ana sayar da sassansu. Na zama ɗan gida a kas-kas ɗin Yawunde. In rufe shago da hantsi, in hau tasi, ni mai mota, in je in yi ta tonon ƙarafa. Yau a sami tiyo bai yi daidai ba, gobe a ce akwai a Duwala, wani direba zai taho da shi. Motar tana gareji a kan duwatsu, kaji na kwana a ƙarƙashinta.

Juma'ar farko na ce wa mahaifiyata sai ta sama, ana ɗan gyara. Ta ce Allah ya kai mu. Ƙanwata ta dawo daga Nkomkana ta ce Inna Babba ta sa maƙwabta sun kwashe tarin yashin da ya shekara a ƙofar gidanta, don mota ta samu ta shigo har bakin zaure. Ta sa an share wurin, ta kuma sa an yi mata kitso.

Juma'a ta biyu ƙanwata ta same ni a shago ta ce, Yaya, me zai hana a ɗauki tasi depo, a biya shi shi kaɗai ya kai Inna ƙofa zuwa ƙofa? Ba wai ba a taɓa tunanin haka ba a shekara biyun nan, an dai yi ta cewa sai gwiwa ta yi sauƙi. Yanzu kuwa an sa rana, tsofaffi biyu sun sa rai. Shawara ce mai kyau, kuma ba ta fi ƙarfina ba. Amma abin da ya zo mini shi ne layin teloli. Mutumin da aka taru aka yi wa addu'ar mota, a gan shi yana cusa uwarsa a tasi? Na ce mata ta bari, saura kaɗan. Da maganar ta kai kunnen mahaifiyata sai ta goyi bayana, ta ce ita motar Babanta za ta shiga. Na san don kada in ji kunya ta faɗa, na kuma karɓa.

Juma'a ta uku kwano ya dawo da goro da saƙo. Ƙanwata ta faɗe shi a gabana, tana kallon ƙasa: "Ta ce a gaya wa Babanmu, ba motar take son gani ba."

Na yi dariya na ce tsofaffi da rigima. A lokacin makullin ƙofar baya kawai ya rage da robar ƙarƙashin inji.

A mako na huɗu mahaifiyata ta kira ni ɗakinta bayan la'asar. Ta tambaye ni, ashe ba da ƙafarta motar nan ta zo gidan nan ba? Na ce da ƙafarta. Ta ce to me ya same ta? Na zauna na yi mata bayani dalla-dalla, tun daga igiyar fayil har ƙugiyar nama, ina yi ina jiran ta yaba mini. Ta saurara har na gama, tana murza gwiwarta. Sai ta ce Allah ya sa a gama lafiya.

An gama ran Laraba ta mako na biyar. Na ɗauko ta da yamma, injin yana kaɗawa sumul, babu roba babu igiya, in ka ɗaga bonet ba abin da za ka sunkuyar da kai a kansa. Da na so, Alhamis da safe sai mu tafi. Amma an saba Juma'a ce ranar ziyara, kuma kujerun sun ɗan tsufa, na ga bai dace tela ya ɗauki uwarsa a kan kujera mai yagewa ba. Na yanko wani yadi mai kauri ruwan ƙasa, na ce bari in ƙara kwana ɗaya in ɗinka musu riguna.

Ina kan keken ɗinki ran Alhamis da hantsi, na gama ta gaba ina kan ta baya, sai ga wani maƙwabcin Inna Babba a ƙofar shago. Ya yi sallama, ya ce Allah ya yi mata cikawa bayan asuba, za a fita da ita kafin azahar.

Mahaifiyata ba ta yi kuka a lokacin ba. Ta yi salati, ta nemi mayafinta, ta ce a kai ta ta ga fuskar yayarta kafin a rufe. Ni da ƙanwata muka riƙo ta har mota, muka zaunar da ita a baya ta dama. Na ja. Mun bar kwalta mun fara hawan tudun Nkomkana ke nan, motar ta faɗa wani rami ta karkace, sai ƙofar da take jingine da ita ta wangale. Makullin da na samo a kas na wata mota ne mai kama da tawa. A fili yana kamawa, a kan hanya mai murɗiya kuwa sakin kansa yake yi. Mahauci ya san haka, shi ya sa ya ɗaure. Ƙanwata ta cafko mahaifiyarmu, na taka birki.

Na fito na buga ƙofar, ta dawo. Na sake bugawa, ta dawo. Na tsaya a tsakiyar hanya ina tunanin yadda za a yi a gyara makulli.

"Ɗaure, Babana," in ji mahaifiyata.

Na sa hannu a aljihu, sai ga ƙyallen yadin nan ruwan ƙasa da na yanke daga rigar kujera. Na zura shi ta taga, na zagayo da shi ginshiƙin ƙofa, na ƙulle sau biyu. Ko minti ɗaya bai ɗauke ni ba.

Wurin da aka kwashe yashi yana nan a share. Masu zaman makoki sun shimfiɗa tabarmi a gefe, sun bar shi fili, motar ta shiga har bakin zaure kamar an auna. Na kashe inji na zagayo ina kwance ƙyallen. Mahaifiyata ta dubi ƙofar gidan, ta waiwaya ta dubi hanyar da muka biyo, ta ce, ba da ni take ba, "Ashe kusa ne."

Mun same ta ba a rufe ba. Ƙanwata ta ce kitson nan yana kanta, an sake mata shi sau biyu a makonnin.

Mahaifiyata ta yi shekara shida bayan haka, ba ta taɓa tayar mini da maganar ba ko sau ɗaya. Na kai ta asibiti a motar, na kai ta suna da biki, duk lokacin da za ta shiga ita da kanta take miƙo mini bakin ƙyallen in ɗaure. Ban sake neman makulli ba. Da na zo sayar da motar, wani malamin makaranta ne ya saya, na zagaya da shi na nuna masa komai, na ce wannan ɗaurin nawa ne, kada ya kwance sai ya riƙe abin da zai sa a madadinsa a hannu.

Na san ajali ba ya jiran mota, kuma ko da na kai ta a Juma'ar farko, Alhamis ɗin nan tana nan zuwa. Wannan ba a hannuna yake ba. Amma zaman yini ɗaya na 'yan'uwa biyu, su ci dambu a kwano guda su yi gulmar 'ya'yansu, wannan a hannuna yake, ni na datse shi da almakashi. Mutanen nan uku da na zaga kuwa na daina ganin su 'yan ha'inci, ban da mai ruwan sabulu, shi har yau ban yafe masa ba. Kowannensu akwai inda ya zama dole ya isa a ranar, ya duba abin da sana'arsa ta bar masa a aljihu, ya ɗaure ya tafi. Ni ne na huɗu, na dai makara.

Har yanzu ina juya riga in dubi ciki, wannan ba zai bar ni ba. Amma yanzu ina yin faci, kuma in mutum ya ce yau yake so, ba na tambayarsa dalili. Nkomkana kuwa ina zuwa, 'ya'yan Inna Babba suna nan, an ma zuba kwalta har saman tudun. In na hau hanyar ba na duban agogo, don na riga na duba ran nan. Minti goma sha biyu ne daga bakin lungunmu zuwa ƙofarta, har da tsayawar ɗaure ƙofa.